Rawa ta yi, bidiyo bai yi ba: abin da ke ɓata ɗaukar rawa a waje da yadda ake gyara shi a waya

Abu ne da aka saba gani a ƙarshen mako. Samari huɗu ko biyar sun shafe sati biyu suna gwajin rawa a soro, sun ɗinka kaya iri ɗaya, sun yi karo-karo sun hau Adaidaita Sahu zuwa wani fili a bayan gari. Suna isa da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a miƙa wa wanda ya fi kowa babbar waya aikin ɗauka, a kunna sifika, a taka sau shida ko bakwai har gumi ya jiƙa riguna. Sai an dawo gida an taru a kan wayar sannan murna ta koma ciki: fuskoki sun yi baƙi ƙirin, sararin sama ya yi fari fat, ƙafar na gefe ta fice daga hoton, kiɗa na gabas taku na yamma. A nan take za a yanke hukunci cewa laifin wayar ne, da iPhone ce da ba haka ba.

Mafi yawan lokaci wayar ba ta da laifi. Bidiyon da ya tayar da gasar rawar Jerusalema a duniya a farkon 2020 wasu matasa ne a Angola, 'yan ƙungiyar Fenómenos do Semba, suka yi shi a tsakar gida da rana, kowa riƙe da farantin abincinsa yana taku. Ba fitilu, ba yanke-yanke. Yaran Ghetto Kids na Uganda ma da bidiyon rawa a kan turɓaya suka fara fice a 2014, kafin su kai zagayen ƙarshe na gasar Britain's Got Talent a Ingila a 2023. Abin da waɗannan bidiyoyi suka haɗa shi ne ana ganin jikin mai rawa gaba ɗayansa, haske na kansa, kuma ƙafa na sauka daidai da kiɗa. Duka ukun ana samar da su ne tun kafin a danna jan maɓalli.

Rana ce fitilar, kuma ba a yi mata saiti

Mai ɗauka a waje fitila ɗaya gare shi, ita ce rana, kuma abin da kawai yake iya zaɓa shi ne lokacin da zai fita da ɓangaren da zai juya. Tsakar rana ita ce mafi muni. Hasken na saukowa ne daga tsakiyar kai, sai ramin ido da ƙarƙashin haɓa su cika da inuwa, goshi kuma ya riƙa ƙyalli. Idon mutum na iya ganin wuri mai haske da mai duhu a lokaci guda, amma ɗan ƙaramin idon kyamarar waya ba ya iyawa. Dole ya zaɓi ɗaya. Idan farar shadda da sararin sama suka cika hoton, wayar za ta rage haske don kada su ƙone, fuskar mai baƙar fata kuma ta nutse.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne awa ɗaya bayan fitowar rana, ko kuma daga la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. A Kano rana na faɗuwa ne tsakanin kusan ƙarfe 6 da 7 na yamma duk tsawon shekara, kuma da ta faɗi duhu ba ya jira. Cikin minti ashirin da 'yan kai an rasa hasken. Ke nan wanda ya iso fili ƙarfe biyar da rabi yana shirin fara gwaji ya riga ya makara. Gwaji a gida ake gama shi, fili na ɗauka ne kawai.

Hanya mafi sauƙi ita ce rana ta kasance a bayan mai ɗauka, ta ɗan karkata gefe, yadda za ta haska fuskokin ba tare da inuwarsa ta faɗa cikin hoton ba. Masu son ƙawa kan juya lamarin, su sa rana a bayan masu rawa. Idan aka dace, ƙurar da ƙafafu ke tayarwa takan kama hasken ta zama kamar hayaƙin zinare, amma fuskoki za su yi duhu sai an ɗaga hasken da hannu. Hazon hunturu kuwa, wanda kowa ke kuka da shi, taimako ne ga mai ɗauka, domin yana tausasa rana kamar an rataya mata labule. Illarsa biyu ce: launi ya kan koɗe, kuma ƙura na kwanciya a gilashin kyamara. Goge gilashin da gefen riga mai laushi kafin kowane ɗauka ya fi duk wata tacewa da za a yi daga baya.

Akwai saiti ɗaya da ya kamata ya zama jiki. A yawancin wayoyi, idan aka ɗora yatsa a kan fuskar mai rawa a allo aka riƙe na daƙiƙa biyu, wata alamar kwaɗo ko rubutu zai fito, alamar an kulle haske da saitin gani. Idan ba a kulle ba, duk sanda mai farar riga ya gitta gaba, hoton zai yi duhu ya sake haske, kamar ana wasa da makunnin lantarki. Wannan numfashin da hoto ke yi ba ya gyaruwa a editin.

Ƙafa ce rawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar mai rawa kamar ana ɗaukar mai jawabi: waya a daidai fuska, hoto daga gwiwa zuwa sama. Tun a shekarun 1930 ɗan rawan finafinan Amurka Fred Astaire ya dage a riƙa ɗaukar rawarsa daga kai har ƙafa, a dogon ɗauka ba tare da yawan yankewa ba, domin mai kallo ya tabbatar jikin ne ya yi aikin. Dalilinsa bai tsufa ba. Rawar Koroso da aka yanke ƙafafunta, inda kacau-kacau ɗin ke ɗaure, ta zama kaɗa kafaɗa kawai.

A bidiyon tsaye, mai faɗin 1080 da tsawon 1920, matsalar ta ninku. TikTok da Reels na Instagram suna jera sunan mai shafi, bayanin bidiyo da sunan waƙa a ƙasan allo, maɓallan so da sharhi kuma a gefen dama. Ƙasan allo kuwa nan ƙafafu suke. Wanda ya cika hoton da jiki har tafin ƙafa ya taɓa ƙarshen allo zai tarar rubutu ya rufe takun gaba ɗaya bayan ya ɗora. Maganin shi ne a ja baya a bar ƙasa fili, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawon hoton, a kuma bar sarari a sama don tsalle da ɗaga hannu. A tuna cewa idan an kunna saitin hana girgiza, wayar na yanke gefe-gefen hoton, don haka abin da aka gani kafin a fara ɗauka ba lallai shi ne zai fito ba.

Tsayin wayar ya sauko zuwa ƙugu ko ƙasa da haka. Daga nan ƙafafu na samun girmansu, tsalle kuma ya fi nuna nisa da ƙasa. Allon tsaye ba ya ɗaukar mutum biyar a jere kafaɗa da kafaɗa sai an ja baya har sun koma kamar tururuwa. Gara a jera su ciki-ciki, ɗaya a gaba, biyu a bayansa ta gefe, biyu a can baya, kowa na leƙowa ta tsakanin na gabansa. A zana wa kowa wurin tsayuwarsa a ƙasa da tsinke, a kuma ja layi hagu da dama wanda ba a tsallakewa. Ido mai faɗi na 0.5 yana da jaraba don yana kwashe kowa, sai dai yana miƙar da wanda ke gefe, kuma a yawancin wayoyi shi ne mafi rauni idan haske ya ragu. Zuƙowa da yatsu biyu kuwa yanke hoton ne kawai, inganci ke tafiya. Mai son kusanci ya taka da ƙafarsa.

Ba dole sai da gimbal ba. Sandar kafa waya mai ƙafa uku ta wadatar, in babu ita a jingina wayar a kan bulo ko kujerar babur. Kyamarar da ke tsaye cak ta fi wadda ke bin masu rawa tana rawa ita ma.

Abin da ke bayan masu rawa shi ma yana cikin hoton ko an so ko ba a so. Jan bangon ƙasa irin na ganuwa yana fito da fararen kaya da shuɗi. Kaya masu ruwan ƙasa a gaban irin wannan bango kuwa ɓacewa suke yi. Falwayar lantarki da ta tsiro daga kan mai rawa, ko bola a gefe, ba a lura da su a fili, amma su mai kallo zai fara gani.

1080 ko 4K, 30 ko 60

Wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da Redmi masu matsakaicin kuɗi suna ɗauke da injin MediaTek Helio G85 ko G99, waɗanda ba sa ɗaukar 4K kwata-kwata, iyakarsu 2K. Wannan ba asara ba ce. Abin da za a kalla a TikTok ko Status bai wuce 1080 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Ga mai wayar da ke iya 4K, lissafin wuri ya isa ya sa shi tunani: a saitin iPhone kanta an rubuta cewa minti ɗaya na 1080 mai firem 30 na cin kusan MB 60, minti ɗaya na 4K mai firem 60 kuma kusan MB 400. Ɗauka goma na minti ɗaya-ɗaya ya tashi GB 4, sannan manhajar editin ta riƙa sarƙewa. Ga kuma zafi. Apple na cewa an ƙera iPhone ta yi aiki ne a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri na haura 40. Wayar da ta yi zafi takan rage hasken allo, ta fara zubar da firem, wani lokaci ta rufe kyamarar ana tsakiyar taku mafi kyau. A cire mata riga, a ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka, kada kuma a ɗauka tana jone da fawa banki.

Amfanin 4K ɗaya ne na gaske: ana iya yanko kusa daga cikinsa a editin ba tare da hoton ya dushe ba.

Batun firem ya fi muhimmanci ga rawa. Firem 30 a daƙiƙa ya isa idan za a bar bidiyon a gudunsa. Amma duk wanda ke da niyyar rage gudun wani tsalle ko juyi, to ya ɗauka a 60, domin idan aka raba 60 biyu ana samun 30 cif, motsi ya tafi sumul. Rage gudun abin da aka ɗauka a 30 na sa manhaja ta maimaita firem ko ta ƙirƙiro na ƙarya, sai a ga hannu ya narke ko yana tsalle-tsalle. Sharaɗin 60 shi ne haske mai yawa. Da magariba ta kawo kai a koma 30. Idan kuma dare ya yi ana ɗauka a ƙarƙashin fitilun da ke kan wutar NEPA, za a iya ganin hoto na ƙyaftawa, saboda wutar Najeriya da Nijar na bugawa ne sau 50 a daƙiƙa; wayar da ke da zaɓin firem 25 ko 50 ta fi dacewa a nan.

Inda kiɗa da ƙafa ke rabuwa

Nan ne akasarin bidiyoyi ke mutuwa, kuma lissafin ba shi da wuya. Waƙar da ke bugawa sau 120 a minti na da bugu ɗaya a kowane rabin daƙiƙa, wato firem 15 a bidiyo mai firem 30. Idan taku ya kauce wa bugu da firem uku kacal, kashi ɗaya cikin biyar na bugun ke nan. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ji kamar masu rawar ba su iya ba, ya wuce.

Sautin da makirfon waya ya kwasa a fili ba shi ne za a saki ba, iska da hon ɗin babura sun riga sun ɓata shi. Amma kada a kashe shi, kada kuma a goge shi da wuri, domin shi ne ma'auni. Abin da masu rawa suka ji daga sifika shi suka bi, shi kuma makirfon ya ɗauka. A CapCut, ko VN, ko InShot, ana ciro sautin bidiyon ya koma layinsa daban, a shigo da asalin waƙar a layin ƙasa, a buɗe layukan da yatsu biyu har tsaunukan sautin su fito, a ja waƙar har bugun farko mai ƙarfi ya hau kan ɗan'uwansa. Idan aka kunna su tare aka ji kamar amsa-kuwwa, ba su hau ba tukuna. Sai an ji murya ɗaya sannan a kashe na filin.

Wannan dabarar ce ke sa jinkirin Bluetooth ya daina zama matsala, tunda ba lokacin da aka danna waƙa ake bi ba, lokacin da ta fito daga sifika ake bi. Abin da zai iya kawo cikas shi ne nisa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka kowace mita 10 tsakanin sifika da waya na jawo jinkirin kusan firem ɗaya. Sifika ta zauna kusa da masu rawa, a ɓoye a bayan dutse ko a wajen layin hoto, in ya so a matsar da waƙar firem ɗaya a editin idan ido ya ga alama. Bayan an daidaita farko a leƙa ƙarshe ma, saboda waya ba ta riƙe adadin firem ɗinta daram, musamman idan ta yi zafi, kuma bidiyon da ya fara daidai na iya zamewa kafin ya kai minti ɗaya.

Idan kiɗan na makaɗa ne a wurin, kalangu ko ganga, babu wata asalin waƙa da za a shigo da ita. A nan sai waya ta biyu ta zauna kusa da makaɗan tana ɗaukar sauti kawai, an rufa wa makirfonta safa don iska. Kafin a fara, mutum ɗaya ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin zai fito kamar tsini a layukan sauti biyun, da shi za a haɗa su.

Editin: a rage hannu

Tsarin da ya fi aiki shi ne a samu ɗauka ɗaya cikakke daga farko har ƙarshe, mai nuna kowa, ya zama ginshiƙi. Sannan a sake rawar sau biyu ko uku daga wani ɓangaren, ko kusa da ƙafafu, duk da waƙar tana tashi daga wuri ɗaya. A editin, ginshiƙin ne ke ƙasa, sauran ana ɗora su ne a inda suka ƙara wani abu. Yanka ya faɗo a kan bugu, kuma a tsakiyar motsi: hannu ya fara tashi a hoto na farko, ya ƙarasa a na biyu. CapCut na iya sa ɗigo a kan bugun waƙa da kanta, sai dai takan rikice a kiɗa mai sarƙaƙiya, gara mutum ya saurara ya sa da hannunsa.

Sauran kayan ado, walƙiya da girgiza allo da juyin hoto kowane daƙiƙa biyu, galibi ana sa su ne don a ɓoye rawar da ba ta nuna ba, kuma masu kallo sun gane hakan. Taku mafi wuya a bar shi ya wuce ba yanka. Gabatarwa mai tambari da sunan ƙungiya a kai ta ƙarshe ko a jefar da ita. Wanda ke shafa allo da babban yatsa ba zai jira ta ba. A launi kuma, a ɗan ɗaga inuwa don fuska ta fito, a ɗan rage wuraren da suka yi fari, a tsaya nan. Tacewar da ke mayar da baƙar fata ruwan lemo ba gyara ba ce.

A fitar da shi a 1080, a adadin firem ɗin da aka yi aiki da shi. Wajen tura wa juna ɗanyen bidiyo kuma a guji aika shi kai tsaye ta WhatsApp, domin tana matse shi. Ko zaɓin HD da ta kawo a 2023 iyakarsa 720 ne. A tura shi a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har GB 2, ko a yi amfani da Xender ko Quick Share tun ana tare a fili, ba ko sisin data. A TikTok akwai maɓallin ɗora bidiyo da cikakken inganci a cikin ƙarin saiti kafin a saki, yana da kyau a duba ko a kunne yake.

Waƙar wani, fuskar wani, filin wani

Waƙa na da mai ita. Bidiyon da aka ɗora da waƙar da aka liƙa daga waje na iya wayar gari an kashe masa sauti. Mafi aminci shi ne a zaɓi waƙar daga rumbun TikTok ko Instagram ɗin kansa a lokacin ɗorawa, a daidaita ta da takun. Shafin da aka mayar na kasuwanci kuma ba ya samun yawancin waƙoƙin da suka yi tashe. Ko Jerusalema, da kowa ya ɗauka ta gari ce, a 2021 kamfanin Warner ya bi wasu hukumomi a Jamus, har da 'yan sanda, yana neman kuɗin lasisi kan bidiyon rawar da suka saki.

Sai mutanen da ba su san ana ɗauka ba. Matar da ta gitta da tallanta, yaran da suka taru kallo, lambar motar da ke fake, ƙofar gidan da kowa a unguwa zai gane: duk suna tafiya tare da bidiyon zuwa inda mai shi bai taɓa zato ba, kuma gogewa daga shafi ba ta dawo da abin da wasu suka riga suka sauke. Wannan ya shafi masu rawar kansu. Kowa ya ga bidiyon da aka gama ya amince kafin a saki, musamman idan akwai mace a ciki, domin abin da zai biyo baya a gida da unguwa ba ɗaya ba ne ga kowa. A Kano, Hukumar Hisbah da Hukumar Tace Finafinai sun sha gayyatar masu TikTok kan abin da suka ɗora, wasu har gaban kotu, kuma rawa da sutura da kalaman waƙa na cikin abin da ake dubawa. Wanda zai ɗauka a can ya san da wannan tun yana zaɓen waƙa.

Wurin ma a tambaya. Gaisuwa ga mai gadi ko dattawan da ke zaune a bakin fili, da bayanin abin da aka zo yi, na ɗaukar minti biyu, rashinta kuma na iya cinye hasken yammacin gaba ɗaya a jayayya. A nisanci harabar masallaci, maƙabarta, barikin soja, shingen jami'an tsaro, layin dogo da tsakiyar titi. Sannan waya a kan sanda, mita biyar daga mai ita, kowa ya juya yana kallon masu rawa, a garin da ƙwacen waya ya zama abin da ya zama, tana bukatar mai tsaro. A tafi da mutum ɗaya wanda ba ya rawa, ba ya ɗauka, aikinsa kawai ya tsaya kusa da sandar, ya kunna waƙa idan an ba shi alama, ya kuma tare masu wucewa har a gama.